Ranar da Aka Auna Tukunyarmu

3 ga Maris

Zuwa ga taubashiyata Mai Keke,

Sallama da gaisuwa irin ta wanda ya daɗe bai leƙo ba, kuma ya san laifinsa. Ina fata kina lafiya, ke da yara, musamman Auta. Direban motar Talata, wanda zai miƙa miki wannan takarda, ya ce ya hango ki a bakin titi kin rame. Na ce masa idonsa ne, ke ba kya ramewa, sai dai in surutu ne ya fara cin jikinki. Ni lafiya lau, in ban da ciwon baya na zaman kujera. Mai ɗakina tana gaishe ki, cikin ya shiga wata shida.

Kin sha tambayata wane irin aiki nake yi da har yau ban zama kowa ba. To, ga shi. Ofishinmu yana so ya san abin da mutanen ƙasa suke ci. Ba a iya shiga kowane gida, don haka sai a jefa ƙuri'a a fitar da unguwanni, a kowace unguwa a fitar da ɗakuna kaɗan. Ma'aikata mata su tafi da sikeli da littafin hotuna. Ranar farko su wuni a gidan, su auna duk abin da ya shiga tukunya, har gishiri da mai, su auna abin da aka zuba wa kowa da abin da ya rage a kwano. Washegari su koma su tambayi sau nawa ake cin nama ko kifi ko ƙwai a wata. Takardun su zo teburina, in duba, in shigar a na'ura. Shekara biyu ke nan ina leƙa tukwanen mutanen da ban taɓa gani ba.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Jiya aka liƙa jerin unguwannin da ƙuri'a ta faɗa wa, sai ga layin bayan tsohuwar masaƙa. Sai da na karanta sau uku. Cikin ɗakuna shida da aka zaɓa, huɗu a gidan hayarku suke, har da ɗakin marigayiya Goggo, mahaifiyarki, wato naki yanzu. Za su zo ranar Alhamis, ashirin ga wata.

Dokar aiki ta hana in faɗa, don haka ki riƙe a cikinki, in dai cikin naki yana riƙe magana. Na gaya miki ne saboda na san mutanenmu, da sun ga baƙo da takarda sai su ce haraji ne, kowa ya ja ƙofarsa. Shugabata ce za ta jagoranci tawagar, kuma na sha cika mata baki cewa a layin nan na tashi, a gidan da ba a barin baƙo a tsaye. Ku karɓe su hannu bibbiyu. Don Allah kada ku ba ni kunya.

Ki shafa min kan Auta.

Taubashinki

10 ga Maris

Malam Sikeli,

Daga yau sunanka ke nan, kuma ko a gaban shugabar taka haka zan kira ka. Na amsa sallamarka, na gode da gaisuwa. Muna nan lafiya gwargwadon yadda Allah ya so. A gaishe da amaryarmu, Allah ya raba lafiya. Ka gaya wa direba ya duba hanya ya bar duba mata.

Ashe aikin naka leƙen tukunya ne. To, ai ba yau ka fara ba. Na tuna ka kana ɗan yaro, Inna tana juya baya hannunka yana cikin kwano. Ban san gwamnati tana ɗaukar irinku ba.

Ka tambayi Auta. Ta cika shekara uku a watan jiya, kuma da sauƙi sosai. Ka san tun rasuwar babanta ta kasa jiki, bara har na fitar da rai. Ƙaramin asibitin bakin gada ne ya tsaya mana. Kowace Litinin Nas tana ba mu ƙullin abincin nan na yara guda bakwai, ɗaya a rana. Tana da wani tef mai launi uku da take ɗaura wa yara a damtse. Da muka fara zuwa Auta a ja take, ta koma rawaya, yanzu saura ƙiris ta taɓa kore. Ni ma ina aunawa da tef ɗin ɗinkina, don ban yarda da idona ba. Sannan ga kazarmu mai wake-wake, ba ta fashi, kusan kullum sai ta ba Auta ƙwai ɗaya. Nas ta ce tana jin ƙishin-ƙishin manya za su rage asibitocin da ake ba abincin, wai suna jiran wani rahoto. Na ce mata Allah ya fi su.

Maganar baƙinka kuwa, ka kwantar da hankalinka. Ban faɗa wa kowa ba sai matar mai gadi, ita ma don ɗakinta yana cikin huɗun da ka ce. Amma ka san ta, kafin in koma kan keken ɗinki gidan duk ya ɗauka. Ka ga murna kuwa. Kai ne ɗanmu na farko da ya zauna a ofis, kuma kowa a nan yana ganin yana da hannu a renonka. Matar makaniki ta fara goge tukwanenta da toka. Ni kuma na ɗinka sabon labule da ƙyallen da suka rage min.

Tsohuwar Ƙofa ce kaɗai ta taɓe baki. Ka tuna ta, mai ƙaramin ɗakin nan na bakin zaure, wadda ta taɓa bin ka da muciya. Ta ce ita ba ta yi wa kowa kwalliya, wanda ya zo ya gan ta yadda take. Ka bar ni da ita.

Ba za mu ba ka kunya ba. Shugabarka za ta koma ta ce lallai ɗan gidan mutunci ne.

Taubashiyarka, wadda ta fi ka hankali

14 ga Maris

Mai Keke,

Sallama. Ina fata kuna lafiya. Ki yi haƙuri, yau babu wasa a bakina.

Takardarki ta zo yanzu, na karanta a tsaye. Kada ku shirya komai. Ki bi ɗaki-ɗaki ki gaya musu. Abin da kuke dafawa kullum, shi za ku dafa ranar Alhamis. In ranar babu abin dafawa, ku bar murhu a kashe su gani, su rubuta. Da na ce kada ku ba ni kunya, nufina kada ku rufe musu ƙofa. Laifina ne, ban yi miki bayani ba.

Rahoton da Nas ta ce ana jira, namu ne. Masu ba da abincin yara za su bar shi ne kawai a gundumomin da awonmu ya nuna sun fi yunwa. Kuma ki sani, a lissafinmu ɗakinki ba ɗaki ɗaya ba ne, yana tsaye ne a madadin gida ɗari huɗu. In kin dafa nama, gida ɗari huɗu sun ci nama. Gundumarku ƙarama ce, unguwa uku kaɗai aka ɗauka a cikinta, don haka layinku yana da nauyi ƙwarai.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ku nuna musu yadda kuke.

Na kira lambar mai gadi tun safe, ba ta shiga. Na je tasha, babu motar da za ta wajenku sai ta Talata. In direba ya tashi a kan lokaci, wannan za ta iso hannunki kwana biyu kafin su zo.

Taubashinki

22 ga Maris

Malam Sikeli,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya kai da mai ɗakinka. Motar Talata ba ta zo ba wannan makon, an ce ta lalace a hanya, amma ba zan iya jira ba, bari in rubuta tun labarin yana da zafi.

Baƙinka sun zo, sun tafi, kuma ka fita kunya. Su uku ne da shugabar taka, mace mai tabarau, mai yawan godiya. Ba mu nuna mun san da zuwansu ba. Matar mai gadi har da dafe ƙirji tana cewa ai da an sanar da mu da mun kimtsa. Na kusa shiga bayan labule don dariya.

Tun ranar Laraba muka haɗa kai, har ɗakunan da ba a zaɓa ba. Wannan ta kawo shinkafa, wannan albasa, mai facin taya ya kawo kifi. Gwangwanin madara ɗaya ne a gidan duka, na matar makaniki, wanda aka kawo mata da ta haihu. Da aka auna shi a ɗakinta aka ɗibi cokali biyu, sai aka miƙo shi ta taga ya zo nawa, daga nawa ya wuce na mai gadi. Sau uku ya hau sikelin nan, ba wanda ya gane shi.

Ni kuwa na ce ɗakin Inna ne, a nan ka tashi, dole ya fi na kowa. Na yanka kazar. Auta tana tsaye tana kallo. Amma na ce kaza ai ana samun wata, mutuncinka fa? Sun auna ta ɗanya, sun auna ta dafaffiya, sun auna har ƙashin da yara suka bari. Na zuba musu, suka ce aiki ya hana su cin abincin gidan da suke aunawa. Wannan doka taku ba ta da tarbiyya. Auta ta ci cinya guda, aka rubuta. Bayan sun tafi ta amar da ita duka, cikinta bai saba ba, amma lokacin an riga an rufe littafi.

Washegari suka dawo da tambayoyi. Suka buɗe hotunan faranti, ƙarami da matsakaici da babba, wai in nuna wanda muke ci. Kai ma ka san ƙaramin ya fi namu, amma mata suna tsaye a taga, sai na ɗora yatsa a na tsakiya. Ma'aikaciyar ta ce nama sau nawa a wata. Na ji matar makaniki ta ce huɗu, ni da na yanka kaza jiya zan ce babu? Na ce huɗu.

Tsohuwar Ƙofa ce ta so ta ɓata mana. Mun kai mata kwano da murfi, ta turo shi waje da ƙafa. Ma'aikaciyar ta wuni a ɗakinta, abin da ta auna shayi ne ba madara da ɗan gari da aka dama da ruwa. Da aka tambaye ta nama, ta ce, "Rubuta shekara, ba wata ba. Ko a shekarar ma ki bar wurin fili." Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ja shugabarka gefe na ce tsufa ne, ba ta cika sanin abin da take faɗa ba.

24 ga wata

Ban rufe takardar ba sai ga direba da taka ta sha huɗu ga wata. Kwana shida ta yi a gareji.

Na karanta, na sake karantawa. Ban nuna wa kowa ba. Na zauna a kan keke har aka kira la'asar ban taka shi ba. Ban yaga abin da na rubuta a sama ba, don ka ga yadda aka yi.

Ɗan uwana, takardun a teburinka za su sauka. Ka ce kai kake dubawa. Ka duba mana.

Mai Keke

15 ga Afrilu

'Yar uwata,

Sallama, da fatan kun tashi lafiya. Yaya jikin Auta? Mu nan da sauƙi, ƙafafun mai ɗakina ne suke kumbura.

Na jinkirta amsa ne ina jiran takardun, sun iso makon jiya. Ba a rubuta sunaye, lamba ake sawa, amma na gane ku ɗaya bayan ɗaya. Na ga madara cokali biyu a ɗaki uku a jere. Na ga kaza, nauyinta har da giram. Na ga yarinya 'yar shekara uku da ta ci cinya. A takarda, layinku ya fi unguwar da nake haya cin abinci.

Kin ce in duba. Abin da ba ki sani ba, tun a mota suke aika lambobin awon ta waya, takardar da take zuwa min don in tabbatar ne babu kuskuren rubutu. In na canza ko da sifili ɗaya, na'ura za ta nuna wanda ya canza da lokacin. Kuma babu kuskure. An auna kazar, kazar gaskiya ce.

Akwai abin da ya fi wannan ci min rai. Na sa zuciyata a kan takardar Tsohuwar Ƙofa, na ce ko ita kaɗai za ta ja lissafin ƙasa. To, muna da wata ƙa'ida. An lura mutane suna manta abin da suka ci, wasu suna ɓoyewa, saboda haka duk wanda abincinsa bai kai abin da zai riƙe ran ɗan Adam ba, na'ura tana ɗauka bayaninsa bai cika ba, ta fitar da shi daga lissafi. Ta fitar da ita. A gefen lambarta an rubuta cewa ba zai yiwu ba. Ma'aikaciyar da ta auna ta so a bar ta, amma shugabata ta ce wata maƙwabciya ta shaida mata tsohuwar ta rikice. Na sunkuyar da kai.

Ana komawa gida ɗaya cikin biyar a sake awo ba da sanarwa ba. Na yi ta addu'a ƙuri'ar ta faɗo kanku. Ba ta faɗo ba.

Hanya ɗaya ta rage, in je in ce ni na fallasa ranar. Na tashi sau biyu na nufi ofishinta, sau biyu ina wucewa in shiga banɗaki. Ba zan ɓoye miki ba, tsoro nake ji. Haihuwa tana tafe, kuma wanda aka kora da irin wannan laifi ba ya sake samun tebur. Ki ba ni ɗan lokaci. Rahoton ba zai fita ba sai Yuni.

Taubashinki

2 ga Yuni

Malam,

Sallama. Ina fata lafiya ce ta ɓoye ka. Wannan ce takardata ta uku tun bayan taka, direba ya rantse yana miƙa maka hannu da hannu. In haihuwa aka yi, ko da baki ai sai ka aiko.

Mu dai ga mu nan. Ɗinkin kayan makaranta ya tsaya, sai an koma sabon zango. Mako uku ke nan Nas tana ba mu ƙulli huɗu maimakon bakwai, ta ce tana ja ne don kwalin ƙarshe ya kai ƙarshen wata, ba a aiko da sabo ba. Ina raba ƙulli ɗaya kwana biyu. Ƙwai kuwa ka san inda ya tafi. Auta takan je bayan randa inda kazar take kwanciya, ta tsuguna ta leƙa. Hannunta ya koma tsakiyar rawaya.

Zancen duniya ba ya ɓuya. Nas ta ji labarin gwangwanin madara, ta kira ni ciki ta rufe ƙofa. Ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi. Ta ce yara tamanin da ɗaya ne a littafinta, ta juyo min da shi in gani. Yanzu matan da muka yi dariya tare ba sa amsa gaisuwata sosai. Matar mai gadi tana gaya wa mutane ni na kawo maganar, kuma ba ƙarya ta yi ba.

Tsohuwar Ƙofa tana kwance. Ni nake kai mata ruwan zafi. Ban gaya mata abin da na ce a kanta ba, kullum da niyyar faɗa nake shiga.

Ban ce ka jefa iyalinka a wuta ba. Amma a kwano ɗaya muka ci ni da kai, kuma Inna ba ta taɓa auna naka ba. Yuni ya kama. In ba za ka iya ba, ka gaya min, in daina sauraron ƙarar mota.

Mai Keke

23 ga Yuni

'Yar uwata,

Sallama. An sauka lafiya, mace aka samu, mun sa mata sunan Goggo. Uwa da 'ya suna lafiya. Kunya ce ta hana ni rubutu, ba wani abu ba.

Na faɗa. Ranar da takardarki ta zo na shiga ofishin shugabata ban ƙwanƙwasa ba, don kada in sake wucewa. Na ba ta labari tun daga jerin da aka liƙa har gwangwanin da ya bi ta taga. Ta cire tabarau ta daɗe tana murza ido. Ta ce ta yi mamakin layin da masaƙarsa ta mutu amma kowane ɗaki da madara, sai dai sikeli ba ya ƙarya, kuma mutanen sun burge ta. Ta ce ko'ina mutane suna ƙarawa da baki, an san da wannan, ana rage masa. Ku kaɗai kuka ƙara da tukunya.

Na roƙe ta a soke layinku. Ta jawo takarda ta nuna min. In an bar ku a ciki, gundumarku ta ƙoshi, ba ta cikin masu samun abinci. In an cire ku, gidajen da suka rage ba su kai adadin da ake yanke hukunci da shi ba, sai a rubuta babu isasshen bayani, kuma gundumar da ba ta da bayani ba ta shiga jerin. Na ce to a koma a sake aunawa. Ta ce an sallami ma'aikatan, an mayar da motocin, rahoton yana wurin buga littafi.

Na ce mata akwai yara tamanin da ɗaya. Ta ce, "Da ka zo min a Afrilu, da tawaga tana hanya."

Ta rubuta wa na sama da ita, na ga takardar da idona. Amsa ta dawo layi biyu, cewa za a lura da wannan a awo na gaba. Ana yin awon ne duk shekara biyar.

Ba su kore ni ba, ta tsaya min. An ɗauke ni daga tebur an mayar da ni sito, ina goge sikeli ina jera su a kwali. Sunan da kika sa min ya bi ni. Rahoton ya fito shekaranjiya, akwai taswirar ƙasa a tsakiya, gundumarku kore shar.

Na ba direba gwangwanin madara biyu da ɗan wake. Na san ihu ne bayan hari. Ban san da bakin da zan ce ki yafe min ba, amma ki yafe min.

Taubashinki

28 ga Yuli

Ɗan uwana,

Na amsa sallamarka. Barka da arziki, Allah ya raya mana Inna ƙarama, ya sa ta fi mu sa'a. Saƙo ya iso, mun gode. Gwangwani ɗaya na ba matar makaniki, ɗayan ya kai mu kwana goma sha biyu.

Maganar yafiya ka bar ta. Kai ka ce a buɗe ƙofa, ni na yanka kaza. In za a raba laifin, ban san wane sikeli zai raba shi ba, kuma na gaji da awo.

Tsohuwar Ƙofa ta rasu ranar Juma'ar da ta wuce. Kafin nan na samu na gaya mata, duka, har da cewa na'urarku ta ce abin da take ci ba zai riƙe rai ba. Na zaci za ta zage ni. Dariya ta yi har tari ya sarƙe ta, ta ce, "To ai ta yi gaskiya, jinkiri kawai na yi." Mu muka yi mata wanka, ni da matar mai gadi. Mutum biyu sun ishi ɗaukarta.

An rufe ɗakin abincin yara a asibitin bakin gada. Nas tana nan, tef ɗinta yana nan, tana ɗaurawa ta rubuta, ba ta da abin bayarwa. Ta ce asibitin da aka bar wa abincin yana gundumar da ke bayan kogi. Na goya Auta na je, wuni guda a hanya. Suka duba katinmu suka ce ba na yankinsu ba ne, kason da aka ba su an ƙirga shi da yaransu. Wata ma'aikaciya ta bi ni waje ta saka min ƙulli biyu a jaka, ta ce kada in dawo, za a gane.

Na daina kai ta awo. Ina da tef a gida. Ranar Litinin santimita goma sha ɗaya ne, ba sai an nuna min launi ba.

Kullum ina tuna cewa ba a taɓa rubuta gaskiyar ɗakin nan ba. Saboda haka jiya na yi muku aikinku, yadda na ga matan nan suna yi. Ba ni da sikeli, da cokalin shayi na auna.

Da safe, Auta ta sha ruwan zafi da sukari rabin cokali. Da hantsi na dama gari da ruwa, na ba ta cokali tara, ta karɓi biyar, huɗu suka rage a kofi. Da rana ba a ɗora tukunya ba. Da yamma matar mai gadi ta miƙo romon wake, ta sha cokali uku ta juya kai. Mai babu. Madara babu. Nama, ƙwai, kifi, ka bar wurin fili.

Ka ce ɗakina gida ɗari huɗu ne. To, ga abin da gida ɗari huɗu suka ba yaransu jiya. Ka ajiye a cikin kwalin sikelinka, in shekara biyar ta cika ka ba wanda ya zo.

Kada ka sa a na'ura. Za ta ce ba zai yiwu ba, ta cire min ita, alhali ga ta nan kwance a kan ƙyallaye kusa da keke, tana numfashi har yanzu.

Taubashiyarka